Sai Kunkurun Baba Mode Ya Iso

Ni sunana Lauwali, kabu-kabu nake yi a Wurno shekara goma sha huɗu ke nan. In kana neman mutumin da ba ya iya ganin abu ya wuce bai tambaya ba, to ka samu. Matata ta ce da tambaya noma ce, da babu mai rumbu irin namu a garin nan. Wannan hali ne ya sa na san labarin Baba Mode masaƙi ciki da waje, har da wanda shi kansa bai so a sani ba.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Tun da na yi wayo a rumfar ƙofar gida nake ganinsa, ƙafafu na taka, hannu na jefa ƙoshiya, ɗan icen nan mai kama da kwale-kwale da ke ratsa zare daga dama zuwa hagu. Gajere ne, baƙi, ba ya son magana. In ka gaishe shi yana tsakiyar aiki sai dai ya ɗaga maka gira, kai kuma ka ɗauka an amsa. Manyan yatsun ƙafarsa sun buɗe saboda igiyar da yake maƙalewa a tsakaninsu tun yana ɗan shekara goma sha biyu, har takalmi sau-ciki ba ya shigarsa. Na taɓa tambayarsa ko da ciwo. Ya dube ni ya ce, "Kai gindinka da ciwo, da kake bisa mashin wuni?" Ban sake ba.

A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Ya ce sadda ya fara, masaƙa goma sha ɗaya ne jere a layinmu, in sunka kama aiki da hantsi ba ka jin kiran mai fura. Mutuwa ta ɗauki wasu, noman albasa ya ɗauki wasu, sauran yadin kanti ya kore su. Shi kaɗai ya rage yana saƙa gwado, mayafin nan mai kauri, Fulani na saye. Daga baya zare ya yi tsadar da in ya saya ya saƙa ya sayar, ko kuɗin goro ba ya fita. Sai ya naɗe kayan aiki ya rataye a zaure, ya koma tsintar albasa a rumfunan 'yan kasuwa ana ba shi na cefane. Shekara uku yana haka. Duk ran da na wuce na ga hannun nan cikin ruɓaɓɓiyar albasa sai raina ya ɓaci.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa Zaharaddeen yana Sakkwato yana gyaran waya. Daga shi sai yayarsa a gidan, Gwaggo Larai. Mijinta ya rasu a Rabah ba su da ɗa rayayye, ta dawo gidan ubanta da tabarma da mazari da bakin da ba ya mutuwa. Ta haura saba'in da biyar, amma kullum ka leƙa tana kaɗi, kuma ban taɓa ganin ta sayar da ko curi ɗaya ba. Abin ya dame ni. Wata rana na kasa haƙuri.

"Gwaggo, wanga zare da ba ki saidawa, ina shi ka zuwa?"

Ta harare ni, ta jawo wata tsohuwar tukunya daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Cike take da curin abawa, zaren nan mai kauri, fari fat.

"Likkahwanina na," ta ce. "Uwata da saƙa ta hannu anka ruhe ta, kakata haka nan. Ni ba a kai ni cikin yadin kanti kamar buhun sukari."

To ga inda gizo ke saƙar. Abawa ita kaɗai ba ta zama mayafi. Sai da siririn zare mai ƙarfi wanda ake miƙewa a tsaye, abawa ta riƙa ratsa shi. Yatsun Gwaggo sun daina iya kaɗa irin wannan, matan da sunka iya kuma duk suna kushewa. Dole sai na kamfani, shi kuwa sai da kuɗi. Ga masaƙi a gida, ga abawa a tukunya, ga tsohuwa tana cewa damina mai zuwa ba da ita za a yi ba, amma babu hanya.

Ana haka sai wata ƙungiya ta zo da tsarin ba masu sana'ar hannu ƙaramin rance babu ruwa, mutum ya sayi kayan aiki ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wadda anka turo ta kula da shiyyarmu Madam Augustina ce, Kirista 'yar Filato, mace mai fara'a amma ba ta ɗaukar raini. Ni nake kai ta ƙauyuka, har Rimawa mun je wurin masu saƙar tabarma. Hausa a bakinta ba a magana. Ni na matsa wa Baba Mode, da ƙyar ya yarda, ya sa rigarsa ta Juma'a na ɗauke shi zuwa ɗan ofishinta.

Ta tambayi suna, ta tambayi sana'a, tana rubutawa. Komai lafiya lau. Sai ta ce, "Baba, yaushe za ka riƙa kawo biya? Duk wata, ko duk sati biyu?"

"Duk ran da kunkuru ya iso."

Ta ɗago kai. "Kunkuru?"

"I, kunkuru. In ya iso in kawo maku."

"Daga ina zai taso?"

"Daga gindin darbejiya," ya ce, fuskarsa babu alamar wasa.

Madam ta ajiye biro a hankali. "Baba, ka haife ni, shi ya sa ba zan faɗa maka baƙar magana ba. In ba ka da niyyar biya, gara ka ce ba ka da niyya. Mutum arba'in ke jiran kuɗin nan." Ta ɗauki takardarsa ta tura ƙarƙashin sauran.

Ni ina bakin ƙofa dariya ta ci ƙarfina har na riƙe ciki, Allah ya yafe mini. Sai da na ga Baba Mode ya miƙe a fusace sannan na shiga hankalina. "Ni anka ce ma ba ni da niyya?" ya ce. "Ni Mode?" Ya fita, ya ƙi hawa mashin, ya tafi gida a ƙasa cikin zafin rana.

Ban tsaya yi mata bayani ba, don wani abin sai ido. Na ce, "Madam, hau in kai ki ki gai da kunkurun." Ta hau tana masifa. Munka iske shi jingine a bayan rumfa, kaza na kwance a kai: wani faffaɗan ice ne da ƙaton dutse a bisansa. Na nuna mata yadda abin yake. Masaƙi yana ɗaure dunƙulen zaren tsaye a kan icen, ya kai shi can nesa gindin darbejiya, dutsen ya riƙe zaren ya miƙe tsam. Yana saƙa yana naɗe abin da ya saƙa, icen na jan ciki yana matsowa kaɗan-kaɗan. Ran da ya iso rumfa, an sami abin kaiwa kasuwa. Sai a warware wani zaren daga dunƙulen, a mayar da shi baya, ya sake tasowa.

Madam ta dubi ice, ta dubi dutse, ta dubi kaza. Sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta shiga zaure ta durƙusa gaban tsohon. "Baba, a yi mini aikin gafara. Ni na ɗauka gatse kake mini."

"Ba laihinki ba na, ɗiyata," ya ce. "Ku kunkurunku na tatsuniya na."

Ta tambaye shi kwana nawa yake yi a hanya. Ya ce sha biyu in babu ruwan sama, babu jana'iza. Ta rubuta duk sati biyu, biya shida, ya dangwala yatsa.

Ni na ɗauko zaren daga Sakkwato, buhu guda a bayan mashin. Ran da ya yi wadari, wato jera zaren tsakanin turaku yana kai da komo, mutanen layi sunka fito kallo kamar ana wasa. Yana gamawa ya shiga cikin gida da murna, ni ina biye da shi don in ga yadda za a yi.

"Yaya, kawo tukunya. Da naki za ni hwarawa."

Gwaggo ba ta motsa ba. "Da zaren wa?"

"Da zarena mana."

"Ka biya?"

"Za ni biya."

"To ba naka ba na tukuna. Ni ba a naɗe ni da bashi. In tahi gaban Ubangijina sanye da kayan mutane?"

"Haba Yaya! Bashin ga wuyana shi ke, ba naki ba."

"Wuyanka, jikina," ta ce, ta ci gaba da kaɗinta.

Kai, tsohuwar nan! Don son jin ƙwaƙwaf har wurin liman na je, ya ce shi bai ga laifi ba. Na kawo mata saƙo da zafinsa. Ta ce, "Liman za a naɗe ko ni?" Haka dole anka tsaya a kan maganarta. Mode zai saƙa gwado ya sayar har ya gama biya, zaren da ya rage a ƙarshen dunƙule shi ne nata, don shi ne ba na kowa ba. Wato likkafanin Gwaggo yana can cikin cibiyar dunƙulen a bayan kunkuru, sai an warware komai kafin a kai gare shi.

Da bazara ya fara. Na farko da na biyu kunkuru ya iso a kan lokaci, na kai gwaduna kasuwar Achida, Fulani sunka kwashe. Mutumin da ya shekara uku kansa a sunkuye sai ga shi yana 'yar waƙa cikin hanci. Ni kuwa na sami sabon aiki: duk safiya kafin in tayar da mashin sai na auna da taku nawa ya rage tsakanin kunkuru da rumfa. Madam in ta kira ni a waya ba ta cewa ina kwana, sai, "Lauwali, ina mutuminmu ya kawo?"

Sai damina ta sauka. Zare ba ya son ruwa, da hadari ya taso sai a kwashe a gudu ɗaki, wata rana ko taƙi biyu ba a ci. Kwana sha biyu ya koma ashirin. Madam ba ta matsa ba, ta ce ta ga kunkurun da idonta, ba malalaci ba ne. Wadda ba ta jira ita ce lafiyar Gwaggo. Cikin marka zazzaɓi ya kayar da ita, ƙafafu sunka kumbura, ko kunu sai an yi da gaske. Munka kai ta asibiti, anka ba da magani, ta dawo ta kwanta, mazari na gefe ba ta ko dubansa.

Saura biya ɗaya, kuma gwado ɗaya ne ya rage bai sami mai saye ba. Na yawata da shi Achida, na kai shi Goronyo, na shiga Rimawa, kowa ya shafa ya ce sai kaka. Wata safiya na shiga duba ta, na tarar da Baba Mode tsugune a gefen gadonta, hannunsa cikin tukunya yana zaro abawa a hankali, yana zaton barci take yi. Caraf ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ɓarawo," ta ce, murya can ƙasa.

"Yaya, bari in hwara. Saura kaɗan a biya. In wani abu ya hwaru ban saƙa ba, ina za ni sa kaina?"

"In na mutu ba a biya ba, ku kai ni da na kanti. Na yahe. Amma ba da wanga ba."

Ya saki curin, ya fita yana share ido da hannun riga. Ranar na ji tsoro ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushinta. Na ce ni zan cika kuɗin. Ta ce wannan ɗauke bashi ne daga hannun dama a mai da hagu. Na ce kyauta. Ta ce ita ba a naɗe ta da sadaka kuma, tana da ƙane mai sana'a. Ba don sa'ar uwata ce ba, da na faɗa mata magana.

Da na ba Madam labari sai ta ce ai garinsu sanyi kamar ya kashe mutum, kuma ta daɗe tana son kai wa mahaifiyarta abin rufa mai nauyi. Ta zo ta duba gwadon, Baba Mode ya faɗi kuɗi, ta buɗe jaka ta ba shi. Munka shiga da albishir.

Gwaggo ta buɗe ido ɗaya. "Nawa tat taya?"

"Ba ta taya ba, Yaya. Yadda na hwaɗi ta biya."

"To sadaka ta. Wa ka sayen gwado ba tayi? Maida mata kuɗɗinta. In saye takai, ta zo nan in ji da kunnena."

Haka anka shimfiɗa wa Madam tabarma a ƙofar ɗakin mara lafiya, anka ce ta yi ciniki. Da farko kunya ta kama ta. Ashe ba mu san wa munka tsokano ba! Matar nan uwarta 'yar kasuwar dankali ce. Ta baza gwadon, ta ja nan ta ja can, ta ce bakinsa bai daidaita ba, ta ce baƙin rinin zai zuba, ta taya rabin kuɗi. Baba Mode ya ce albarka. Ta ƙara kaɗan, ya ce albarka. Ta miƙe ta ɗauki jaka wai ta fasa, har ta kai zaure. Tsohon ya fusata da gaske, jijiyar wuyansa ta tashi, yana cewa tun ba a haife ta ba yake saƙa, babu wanda ya taɓa cewa baƙinsa na zuba. Ni ina tsakiya ban san wa zan ba haƙuri ba. Da ƙyar anka sallama, kuma ta karya kuɗin har bai kai biyan ƙarshe ba. Sai da ya kama kazar nan na kai kasuwa sannan ya cika.

Daga cikin ɗaki munka ji dariya, irin wadda rabon da a ji ta an fi wata. "Yanzu anka yi ciniki," Gwaggo ta ce. "Mode, ɗauki tukunya."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan likkafanin. Ta sa anka riƙa fito da ita rumfa a kan tabarma, tana jingine da bango tana kallon abawarta na shiga. Abin mamaki, a kwana na uku ta nemi fura. A na biyar ta fara gyara masa aiki. Ran da ya yanke, ya haɗa ƙwarya-ƙwaryar, wato siraran sassan saƙar, ya ɗinke, ya kawo mata a ninke, ta warware ta ɗaga wa hasken rana, ta bi shi taƙi-taƙi da yatsa.

"Nan ka sassauta hannu," ta ce. "Ubanmu ya hi ka." Sai ta rungume likkafanin a ƙirji. Ban taɓa ganin Baba Mode ya yi murmushi har haƙora sun fito ba sai ranar.

Ta warke sarai, har ta koma kaɗi don kada hannu ya mutu. Shi kuma ya fara maganar karɓar rance na biyu, yana cewa wanga karon luru zai saƙa, babban bargo mai ado, irin wanda rabonsa da shi tun mahaifinsa na da rai.

Bai samu ba. Bayan an yanke shinkafa zazzaɓi ya kama shi, kwana uku kacal. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Zaharaddeen ya iso daga Sakkwato kafin azahar, idanu jajur, da farin yadi sabo a cikin leda. Muna zaure ana shirin wanka sai anka ce Gwaggo na kirana, in taho da ledar.

Na same ta zaune a bakin gado, likkafaninta a kan cinya.

"Kai masu wanga," ta ce.

"Gwaggo, naki na hwa. Shekara nawa kina kaɗinai? Kuma kin san babu mai saƙa wani. Duk garin ga babu."

"Na sani. Lauwali, shekara sittin shina saƙa ma mutane. Ka taɓa ganin abin da ya saƙa ga jikinai?"

Na tsaya ina tunani. Rigar gwanjo, yadin kasuwa, wani tsohon bargon kanti da yake rufa da shi. Wallahi ban taɓa gani ba, ko sau ɗaya.

"Kullum cewa shikai na saidawa na," ta ce. "Wanga ba na saidawa ba na. Kuma shi ya biya shi da hannunai, ba hakkin kowa ciki. Ƙanena ba shi tahiya cikin na kanti."

"Ke hwa, Gwaggo?"

Ta ɗora mini likkafanin a hannu, na ji nauyinsa, kuka ya ƙwace mini a gabanta kamar ba magidanci ba. Ita ko hawaye ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta karɓi ledar yadin kantin, ba ta ko buɗe ba, ta sunkuya da ƙyar ta tura ta ƙarƙashin gado.

"Tahi," ta ce. "Kada ka sa su jira."